Kaska da Ƙuma a Jikin Kare: Tarihin Neman Magani

1. Gabatarwa

Bahaushe ya yi wa kaska kirari da “raɓi mai jini”, har ya ari kirarin ya laƙaba wa mutumin da ba ya barin gindin mai abin hannu. Wannan ya nuna an daɗe ana lura da halin wannan ƙwaro, domin duk wanda ya taɓa kiwon saniya ko ya riƙe karen farauta ya ga yadda take liƙewa a kunne ko a tsakanin yatsu, ta sha jini har ta kumbura kamar ƙwayar wake. To, amma kirarin bai faɗi inda take zuwa ba bayan ta ƙoshi ta saki jiki ta faɗi. Haka kuma ƙuma, wanda ake gani yana tsalle cikin gashin kare, ba safai ake tambayar inda ya fito ba.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin hanyoyin da mutane suka bi wajen raba karnukansu da waɗannan ƙwari biyu, tun daga zamanin Girkawa da Rumawa har zuwa magungunan yau. Za mu ga cewa an sha samun dafi mai ƙarfi a zaci an gama, sa'an nan ƙwarin su dawo. Ci gaban da ya ɗore kuwa ya samu ne a lokutan da aka tsaya aka nazarci yadda ƙwaron yake rayuwa.

2. Mutanen Da da Dabarunsu

Matsalar ta tsufa ƙwarai. A cikin tsohuwar waƙar Girkawa mai suna Odyssey, wadda ake dangantawa da Homer, an ba da labarin wani tsohon karen farauta, Argos, wanda aka yi watsi da shi a kan juji, ƙwari sun cika masa jiki. Aristotal ma, a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ya ambaci kaskar kare cikin littafinsa na halayen dabbobi. Akwai kuma shaidar da ido ya gani. A 2013 masu binciken kayan tarihi suka ba da rahoton gawar wani kwikwiyo da aka shafe da magani aka adana a El Deir, cikin dausayin Kharga na ƙasar Masar, tun zamanin mulkin Rumawa. An ƙirga kaska 61 a maƙale da gashinsa da cikin kunnensa, kuma irin kaskar nan ce mai ruwan ƙasa da ke damun karnukanmu a yau.

Rumawa manoma ne da makiyaya, saboda haka suka rubuta magani. Varro, wanda ya yi littafinsa na aikin gona a shekara ta 37 kafin Miladiyya, ya ce a daka ƙwallon almon da ruwa a shafa wa kare a kunne da tsakanin yatsu, don nan ne ƙuda da kaska da ƙuma suke yi masa gyambo. Bayan kamar shekara ɗari sai Columella ya ƙara bayani. Ga kaska, ya ce a gauraya ƙaron itace mai kama da kwalta da kitse a shafa mata, za ta faɗi da kanta, kuma ya hana a fizge ta da hannu don kada wurin ya zama miki. Ga ƙuma kuwa, daga cikin abin da ya ambata akwai ruwan ɗacin nan da ke saura bayan an tatse man zaitun.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan marubuta sun san wuraren da ƙwarin suka fi so a jikin kare, kuma sun san abu mai maiƙo ko mai ɗaci yana korarsu. Amma duk hankalinsu yana kan fatar kare. A wurinsu illar kaska ba ta wuce gyambo da ƙaiƙayi da shan jini ba. A kan wannan fahimta duniya ta zauna har kusan ƙarshen ƙarni na 19.

3. Gano Cutar da Kaska ke Ɗauke da Ita

Shanu ne suka buɗe ƙofa, ba karnuka ba. Makiyayan Amurka sun daɗe suna zargin cewa kaska ce ke kashe musu shanun arewa duk sa'ad da garken kudu ya ratsa ƙasarsu, masu ilmi kuwa suna ɗaukar zancen camfi ne. A 1893 Theobald Smith da Fred Kilborne suka buga sakamakon gwajinsu, wanda ya gaskata makiyayan. Sun nuna cewa wata ƙwayar cuta ce ke shiga jajayen ƙwayoyin jini ta farfasa su, kaska ce ke kai ta daga saniya zuwa saniya, har ma uwar kaska tana gadar wa 'ya'yanta ita ta cikin ƙwai. Ana lissafa wannan aiki a matsayin karo na farko da aka tabbatar ƙwaro mai cizo yana yaɗa cuta irin wannan. An sa wa ƙwayar suna Babesia don tunawa da Victor Babes, mutumin Romaniya da ya fara ganinta a jinin shanu a 1888.

Daga nan sai aka waiwayi kare. A 1895 Piana da Galli-Valerio suka ga irin wannan ƙwaya a jinin karnuka a Italiya. A 1901 Charles Lounsbury ya nuna a Afirka ta Kudu cewa kaska ce ke kawo wa karnuka muguwar shawarar nan mai zuwa da zazzaɓi da jan fitsari, a 1907 kuma Christophers ya bi rayuwar ƙwayar cikin jikin kaskar kare a Indiya. A 1935 Donatien da Lestoquard, ma'aikatan Cibiyar Pasteur ta Aljeriya, suka gano wata cutar dabam, wadda ke sa kare ya rame, jininsa ya ƙi daskarewa, ya yi ta haɓo. Duniya ba ta ba ta muhimmanci sosai ba sai a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da ta kashe karnukan sojan Amurka masu yawa a yaƙin Biyetnam.

Mutum ma bai tsira ba. A 1910 Conor da Bruch suka bayyana wani zazzaɓi mai fesar da ƙuraje a Tunis, daga baya aka gane kaskar kare ce ke kawo shi. Game da ƙuma kuwa, a 1898 Paul-Louis Simond ya nuna a Karachi cewa ƙuman ɓera ne ke yaɗa annobar nan mai fitar da kaluluwa, wadda ta taɓa cinye wani babban kaso na mutanen Turai. An kuma gane cewa wata irin tsila tana girma cikin ƙuma, kare ya haɗiye shi wajen susa da haƙori ya kamu, wani lokaci har ƙaramin yaro mai wasa da karen. Cikin shekara arba'in ke nan, abin da ake ɗauka ƙazanta ce kawai ya zama zancen rai da mutuwa.

4. Zamanin Dafi

Da aka san haɗarin, sai aka shiga neman abin kisa. Dafin farko da ya yi tashe shi ne arsanik, wanda ake samu daga ma'adinai. Tun 1852 William Cooper na Ingila yake sayar da garinsa don wanke tumaki, a shekarun 1890 kuma aka fara amfani da shi a kan kaskar shanu a Afirka ta Kudu da Ostareliya. Akan haƙa dogon rami a cika shi da ruwan magani, a kora dabbobi su yi iyo su fita. A 1906 Amurka ta fara yaƙin kawar da kaskar shanu, ta kuwa ci nasara a 1943, ban da wani ɗan zirin ƙasa a kan iyakar Meziko. Amma arsanik kaɗai bai kawo wannan nasara ba. An tsara wankan ne duk bayan mako biyu, domin an lissafa kwanakin da kaskar ke yi a jikin saniya kafin ta faɗi ta yi ƙwai, kuma akan kwashe dabbobi daga makiyaya na tsawon watanni har 'ya'yan kaskar da ke cikin ciyawa su mutu da yunwa.

Arsanik ya yi wa kare ƙarfi, tunda dabba ce mai lasar jikinta. Abin da masu karnuka suka fi dogara da shi shi ne garin furen firetirum, wanda aka fara kawowa Turai daga wajen Farisa, daga baya aka noma shi a Dalmeshiya, kana Kenya ta karɓi nomansa daga 1928. Yana kā da ƙuma nan take kuma ba ya cutar da kare sosai, sai dai hasken rana yana kashe ƙarfinsa da sauri, bayan kwana biyu sai a ga kamar ba a barbaɗa kome ba.

A 1939 Paul Müller, ma'aikacin kamfanin Geigy a Suwizalan, ya gano ƙarfin DDT, har aka ba shi lambar Nobel a 1948. Ga araha, ga daɗewa a jiki da bango. Danginsa suka biyo baya, ciki har da wanda mutanenmu suka sani da gamalin. A lokacin an yi zaton kwanan ƙuma da kaska ya ƙare. To, amma tun kafin nan an ga alama. A ƙarshen shekarun 1930 kaskar shanu ta daina jin arsanik a Ostareliya da Afirka ta Kudu. Sababbin magungunan ma ba su yi shekaru da yawa ba sai kaska ta saba da su, a farkon shekarun 1950 kuma aka fara samun ƙuman da DDT ba ya kashewa.

Dalilin wannan ba boyayye ba ne. A cikin dubban ƙwari, ba a rasa 'yan kaɗan da halittarsu ta ba su juriya ga dafin. Idan aka fesa, masu rauni sun mutu, masu juriya sun saura su kaɗai, su ne za su hayayyafa. In aka ci gaba da magani ɗaya, musamman in ana tsarma shi da ruwa fiye da ƙa'ida, ba da daɗewa ba zuriyar duka ta zama ta masu juriya. Karen bana, in ji masu iya magana, shi ke maganin zomon bana. Haka aka yi ta yi: aka koma ga wani dangin dafi mai taɓa jijiya, irin su Asuntol da dayazinon, a shekarun 1950, aka ƙago abin wuya mai fitar da magani a hankali a shekarun 1960, amitiraz da fametirin suka shigo a shekarun 1970. Kowanne ya yi zamaninsa, kuma kusan kowanne an sami inda ƙwari suka fi ƙarfinsa.

Ban da haka, dafin bai san ƙwaro kaɗai ba. Littafin Rachel Carson na 1962 ya jawo hankalin jama'a ga yadda DDT ke taruwa a jikin kifi da tsuntsaye da mutane. Amurka ta hana amfani da shi a gona a 1972, Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita shi a duniya, a 2009 kuma aka sa sinadarin gamalin cikin jerin waɗanda aka hana.

5. Komawa ga Rayuwar Ƙwaro

Har zuwa shekarun 1980, mutane da yawa sun ɗauka ƙuma yakan hau kare ya ci, ya sauka, ya sake hawa. Binciken da Michael Dryden da wasu masana suka yi a Amurka daga ƙarshen shekarun ya gyara wannan fahimta. Babban ƙuma in ya hau dabba ba ya son sauka. Macen tana fara ƙwai kwana ɗaya ko biyu bayan ta sha jini, tana iya yin 40 zuwa 50 a yini. Ƙwan ba ya mannewa a gashi, zubowa yake yi duk inda kare ya kwanta. A nan yake ƙyanƙyashe tsutsa, ta ɓuya cikin ƙura da tsumma, ta saƙa wa kanta ɗan gida kamar na tsutsar tsamiya, ta iya zama ciki har watanni sai ta ji motsi ko ɗumin jiki. Watau ƙuman da ake gani a jikin kare ɗan kaɗan ne daga abin da ke cikin gidan. An kuma tabbatar cewa a yawancin ƙasashe irin da ake kira ƙuman kyanwa shi ya fi yawa a jikin karnuka, don haka wanda ya yi wa kare magani ya bar kyanwa bai yi kome ba.

Kaskar kare, wadda masana ke kira Rhipicephalus sanguineus, ita kuma sau uku take hawa a rayuwarta. Tana 'yar mitsitsiya ta hau ta sha na 'yan kwanaki, ta faɗi ta yi saɓa. Ta sake hawa, ta sake faɗuwa ta yi saɓa. A karo na uku macen ta cika ciki, ta faɗi, ta nemi tsaguwar bango ko ƙarƙashin dutse ta zuba ƙwai dubu biyu, uku, har huɗu, sa'an nan ta mutu. Ta bambanta da yawancin kaska da cewa tana iya kammala duk wannan a cikin ɗaki, kuma tana jure yunwa na watanni masu yawa.

Wannan ilmi shi ya sauya fasalin magani. Tunda ƙuma ba ya sauka, in aka sami abin da zai zauna a jikin kare wata guda yana kashe duk wanda ya hau kafin ya yi ƙwai, zuriyar da ke cikin gida za ta ƙare da kanta. A tsakiyar shekarun 1990 aka fito da irin waɗannan: Program, wanda ke hana ƙwai ƙyanƙyashewa, da Frontline da Advantage, waɗanda ake ɗigawa a ƙeyar kare su bazu cikin maiƙon fata. A 2013 da 2014 kuma NexGard da Bravecto suka fito, waɗanda kare ke taunawa ya haɗiye, maganin ya shiga jini. Na farkon yana aiki wata guda, na biyun mako goma sha biyu.

Su ma ba su rasa abin faɗa ba. A 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa dangin magungunan haɗiya suna sa wa wasu karnuka karkarwa ko farfaɗiya. A 2020 wani bincike ya sami sinadaran maganin ɗigawa cikin ruwan kogunan Ingila, inda suke barazana ga ƙwarin ruwa da kifi ke ci. Fametirin kuwa, wanda kare ke jurewa, yana kashe kyanwa.

Misali mafi kyau na haɗa dabaru ya zo daga jihar Arizona. A farkon shekarun 2000 wani zazzaɓi mai kisa ya ɓulla a garuruwan 'yan asalin ƙasar, yana kama yara musamman, aka gano kaskar karnukan da ke yawo a unguwa ce sanadi. A 2012 aka sa wa karnukan wani gari abin wuya mai daɗewa, aka fesa harabar gidaje, aka rage yawon karnuka, duk a lokaci ɗaya. Kaska ta ragu ƙwarai, saboda an tare ta a jiki da ƙasa, kuma a gari duka maimakon gida ɗaya.

6. A Ƙasar Hausa

A wurinmu kare ma'aikaci ne: na farauta, na gadi, na bin garke. Shari'a ta yarda a riƙe shi don waɗannan bukatu, ta kuma yi umurni da tausaya wa duk mai rai. Dabarar da aka gada ita ce cire kaska da hannu, kamar yadda Fulani ke yi wa shanu da safe, sai shafa toka ko ruwan taba. Majimfa, wadda masunta ke sa wa kifi, tana ɗauke da sinadarin da Turawa suka daɗe suna sayarwa a garin ƙuma. Dogon yaro kuwa, wanda yanzu ake dafa ganyensa a wanke dabba, baƙo ne, a 1928 aka kawo shi Barno.

Aikin likitan dabbobi na zamanin mulkin mallaka shanu ya sa gaba, musamman cutar bushiya, kuma don haka aka kafa ɗakin bincike na Vom a 1924. Kare bai shiga lissafi ba sai ta fuskar hauka. Bayan an buɗe tsangayar likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello a 1964 ne aka fara duba jinin karnuka a kai a kai, kuma binciken da aka yi a Zariya da Jos da Maiduguri ya nuna kaskar nan mai ruwan ƙasa ita ce ta fi yawa, cututtukan da aka ambata a sama kuma suna nan.

Abin damuwa shi ne, dafin ya iso mana ya bar ilmin a baya. Har yanzu akan ga mai kare ya wanke shi da fiya-fiya, ko kananzir, ko baƙin mai, ko maganin shanu da aka dama da ka. Sau da yawa kare yakan fara dalalar da yawu, ya yi amai, jiki ya ɗauki rawa, wani ya mutu. Yaron da aka sa wankin ma dafin yana ratsa fatarsa. Wanda ya tsira kuma a mayar da shi makwancinsa na jiya, inda dubban ƙwai ke jira.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da darasi uku. Na farko, magani ya zama wanda aka yi don kare, a auna shi da nauyin karen bisa shawarar likitan dabbobi, a yi wa duk karnuka da kyanwoyin gida tare, kuma a maimaita a kan lokaci, musamman da damina. Na biyu, a riƙa duba kunne da wuya da tsakanin yatsu kullum, balle bayan an dawo daga daji, domin wasu ƙwayoyin cutar sai kaska ta yi kwana ɗaya ko biyu a maƙale suke shiga jini. A nan ilmin yau ya saɓa wa Columella: ba a shafa mata maiƙo a jira, da matsefata ake kama ta dab da fata a ja a hankali, kuma ba a murje ta da yatsa. Na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne makwanci. A share shi a ƙone sharar, a wanke tsumma da ruwan zafi a shanya a rana, a yanke ciyawar da ke kewaye, a yaɓe duk wata tsaguwa, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kaska ma haka.

Tarihi ya nuna babu dalilin zaton cewa magungunan yau za su dawwama inda arsanik da DDT suka gaza. Za su daɗe ne gwargwadon yadda aka yi amfani da su bisa ƙa'ida, aka kuma rage musu aiki da tsintsiya da yaɓe. Ya kamata malaman dabbobi da ƙungiyoyin mafarauta da gidajen rediyo su ɗauki nauyin bayyana wa jama'a rayuwar waɗannan ƙwari da harshen da suke ji, domin mai kare da ya san inda kaska ke ƙwai ba zai tsaya ga wanka kaɗai ba.